Mu Mutanen "Sai Anjima"

Idan ka bi titin da ya fito daga Sakkwato ya ratsa Boɗinga ya miƙe Shagari, ka tsaya duk inda ka ga rumfar caji ka ce a miƙo maka wayoyin da ke jone, rantsuwa ba kaffara za ka tarar da wani saƙo guda zaune a cikin galibinsu tun bara, wasu tun bara waccan. Roƙo yake a sabunta burauza, manhajar nan da muke buɗe shafukan intanet da ita. Ba mu taɓa ce masa a'a ba, ba a san mu da wannan rashin kunyar ba. "Sai anjima" muke dannawa. Gobe ya dawo mu sake ce masa sai anjima, har wayar ta faɗa rijiya ko a zare ta ranar kasuwa.

Amma bari a jefo linki a guruf ɗin dangi a ce Gwamnatin Tarayya ta buɗe rabon tallafi, kowa dubu hamsin, za a rufe sha biyun dare. Nan kam babu anjima. Kafin mai shayi ya gama sheƙa kofi ɗaya mutum biyar sun cika fom, na shida yana lalube aljihu yana neman takardar da ya rubuta BVN ɗinsa, wani kuma ya tura yaro gida da gudu a karɓo katin uwargida kada rabonta ya wuce.

Muna da hujja, kuma ba duka ce ta banza ba. Ta farko data. Tun da hukumar NCC ta amince wa kamfanonin sadarwa ƙarin kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025, wanda ke sayen ta ɗari biyu yana lallaɓa ta ba zai so ta ƙare a kan abin da ido ba ya gani ba. Kuma gaskiya ne, ba a gani. Ka sabunta Chrome, ka buɗe, yana nan yadda ka bar shi, ko launi bai sake ba. Wani dattijo da ɗansa ya matsa wa lamba cewa ya yi, "Kai ɗan nan, mi ta yi? Ta lalace ne? Tana aiki lahiya lau, ka ce in ba ta kuɗɗina ta sha?" Ta biyu wuri. Waya ta cika maƙil: tafsirin azumi uku, bidiyon bikin ɗiyar ƙanwa, fassarar Indiya, dambe da kokawa, ga hotunan barka da Juma'a jibgi guda da babu mai zuciyar gogewa saboda akwai sunan Allah a jiki. Sai wayar ta ce a share wani abu kafin sabuwar burauza ta samu wurin zama. To wa za a share, malam ko amarya?

Wani lokaci ma ba mu muka yanke hukuncin ba. Ranar da aka sayo waya, yaron da ya haɗa ta ya miƙo da hannu biyu ya ce, "Baba, na kashe maka abin da ke shan data." Abin da ya kashe shi ne damar da manhajoji ke da ita ta sabunta kansu. Don kyautatawa ya yi, har albarka aka sa masa. Shi ya buɗe asusun Google, shi ya zaɓi lambar sirri, ya kuma tafi ci-rani kudu da ita a kansa. Daga ranar Play Store ya zama ado. In ana son manhaja sai a ce wa na kusa ya turo ta Xender. Da za a bi salsalar burauzar unguwa guda, ba mamaki a tarar duk daga waya ɗaya ta fito, ta wani ɗalibi da ya zo hutu daga jami'ar Ɗanfodiyo shekarun baya, shi ma Allah kaɗai ya san inda ya samo ta.

Abin da ido ba ya gani ɗin nan kuwa shi ne ainihin aikin. A 2021 Google ya koma fitar da sabon Chrome duk mako huɗu, da ƙananan gyare-gyare a tsakani, kuma da wuya ka ga wanda ba ya ɗauke da toshiyar wata ɓaraka. Masu bincike su gano kafar da ɓarawo zai iya bi, kamfani ya toshe, ya sanar wa duniya. Daga ranar sanarwa kowa ya san da kafar, har da ɓarayin, wanda bai sabunta ba kuma tasa tana nan hanhai. A Satumbar 2023 an gano irin wannan a yadda burauzoji ke buɗe wani nau'in hoto da ake kira WebP. Hoto kawai, in an shirya shi da mugunta, ya isa ya ba baƙo hanyar shiga na'ura. Cikin kwanaki Chrome da Firefox da Edge duk suka fitar da gyara. Gyaran nan bai tsaya Landan ya ce Boɗinga ta yi nisa ba, har cikin wayoyinmu ya zo ya yi sallama. Mun san amsar da muka ba shi.

Akwai dai waɗanda ko sun so ba su samu. Waya a gidajenmu gadonta ake ci tun mai ita yana da rai: daga Alhaji ta koma hannun uwargida, daga nan babban ɗa, daga nan ƙane, har ta kai ga almajirin gida da sikirin a tsage an ɗaure da roba. A ƙarshen 2023 Chrome ya daina kai sabon gyara ga wayoyi masu Android 7, a 2025 ya bar masu 8 da 9. Wayar tana kunnuwa, tana kira, tana waƙa, ba za ta ce maka an sallame ta ba. Waɗannan ban ga laifinsu ba, mai neman na tuwo ba a ce masa ya sake waya.

Inda abin ya fi ba ni dariya da takaici shi ne batun jan shafi. Google yana da wani tsari mai suna Safe Browsing, jerin shafukan da aka gano na damfara ne ko masu ɗauke da cutar na'ura, kuma Chrome da Firefox da Safari duk suna duba shi. In ka nufi ɗaya daga cikinsu sai sikirin ya rine ja wur, da gargaɗi cewa gabanka akwai haɗari. A da, na'ura kan sauko da jerin duk rabin awa zuwa awa guda. Sai Google da kansa ya ce a matsakaicin lissafi mugun shafi ba ya kai minti 10 yana raye, masu shi sun rufe sun buɗe wani. Shi ya sa a Maris ɗin 2024 Chrome ya koma tambayar jerin nan take, lokacin da kake dannawa, kamfanin kuma ya ce yana sa ran tare ƙarin kashi 25 cikin ɗari na yunƙurin damfara. Mai sabuwar burauza ke cin wannan moriyar.

To a ce an yi sa'a, jan shafin ya fito. Ka zo ka ji tafsirinmu.

"Ka gani ko? Ni na san abin ga gaskiya ne. Da ƙarya ce mi za ya sa su rufe shi? Manya sun ga talakawa sun gano, sunka sa aka toshe don ɗiyansu su cika."

Kowa ya gyaɗa kai, don dai an sha ganin irin haka a wasu wuraren. Gargaɗin da Turanci yake, babu mai tsayawa karantawa, launin kawai aka gani aka fassara. Nan da nan a kira yaron unguwa da ya san kan waya. Ya karɓa, ya laluba wani ɗan ƙaramin rubutu can ƙasa wanda ke cewa in ka nace ka wuce, ya danna, shafi ya buɗe. Ko ya ce, "Kawu, wagga burauza tsoro gare ta, bari in buɗe maka da waccan." Ya kwafe linki ya zagaya da shi ta wata tsohuwar manhaja da ba ta ce uffan ba. Majalisa ta ɗauki yabo: yaron ga ƙwaro ne, Allah shi yi albarka. Wanda kuwa ya yi karambanin cewa shafin na bogi ne, shi ya ja wa kansa. "Malam, kai kana da albashi. Ka bar mu mu gwada sa'armu." In ya ƙara magana a ce baƙin ciki ne. Na ga malamin makaranta ya ja bakinsa ya yi shiru, ya ci gaba da kurɓar shayinsa, alhali ya san abin da ke tafe.

Ba wauta ce ta kai mu nan ba, a yi mana adalci. Abubuwan gaskiya ma ta linki suka zo. Da aka buɗe N-Power a 2016 ta intanet aka cika, waɗanda suka ce ƙarya ce suna zaune maƙwabcinsu ya fara karɓar dubu talatin duk wata. Bashin korona na bankin NIRSAL a 2020 shi ma ta intanet ne, kuma BVN ya tambaya. Bashin karatu na NELFUND da aka buɗe a Mayun 2024 haka. Wanda irin wannan ta taɓa wucewa ya riga ya yi wa kansa alkawari, ko fom ɗin aljanu ne sai ya cika. Sannan ga ƙarancin takardun naira na farkon 2023, lokacin da canjin kuɗi ya sa mai albasa da mai tireda da mai nama duk suka buɗe asusu dole, kuɗin da ke ƙarƙashin katifa ya koma cikin waya. Ba a gama farfaɗowa ba aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, rayuwa ta yi tsada, kowa ya kasa kunne ya ji ta inda sauƙi zai ɓullo. 'Yan damfara ba su ƙirƙiro yunwar ba, tarar da ita suka yi.

Kuma sun iya shiri. Ka buɗe shafin ka ga kore da fari, ga tambarin ƙasa da dawakinsa biyu, ga hoton shugaban ƙasa yana murmushi. A ƙasa an jera sharhin wasu da ba su taɓa rayuwa ba, kowa yana cewa ya ga alat, Allah ya saka wa gwamnati. Sai tambayoyi cikin ladabi: suna, jiha, ƙaramar hukuma, lambar waya, ranar haihuwa, banki, lambar asusu, BVN. Ka gama sai a taya ka murna, ka yi nasara, saura abu ɗaya: tura wa guruf biyar ko mutum goma sha biyar, har wani shuɗin layi ya cika. Layin nan ba ya cika. Ya kai kusa da ƙarshe ya tsaya, ka ƙara turawa, ya ɗan motsa. Kafin ka gaji ka riga ka kai musu surukanka da 'yan ajinku da jama'ar masallaci, kyauta, da datarka.

Wasu shafukan iyakarsu ke nan, talla suke nuna maka suna karɓar kuɗinta, bayananka kuma su tara. Wasu kuwa sai bayan kwanaki waya ta yi ƙara. Murya mai natsuwa, wani lokaci da Hausa tsaf, ta kira cikakken sunanka, ta faɗi ranar haihuwarka da sunan bankinka, ta ce daga babban ofis ne, tallafinka ya fito amma asusun yana da 'yar matsala. "Alhaji, yanzu za ka ga wasu lambobi sun shigo, karanto mini su in gyara maka." Yaya za a yi ka yi shakkar wanda ya san ranar haihuwarka, alhali kai kanka sai ka duba kati? Ka manta kai ka rubuta masa da hannunka. Lambobin nan su ne mabuɗin da banki ya aiko don kai kaɗai, kuma bankuna sun gaji da aiko saƙo cewa ba sa tambayarsu. In na WhatsApp ne guda shida ne, kana karantawa an kore ka daga gidanka, kafin magariba an roƙi duk wanda ke wayarka rancen dubu ashirin da sunanka, wai kana asibiti. Wannan matakin babu burauzar da ke tare shi, komai sabuntarta. Tata ta ƙare tun a ƙofa, lokacin da ta yi ja aka zagaye ta.

Masu ɗan ilimin abin a cikinmu suna da nasu karatun, shi ma ya tsufa. Za su ce ka duba sama, in ka ga ɗan kwaɗo kusa da adireshi to shafin lafiyayye ne. Kwaɗon nan abin da yake nufi kawai shi ne babu mai leƙen abin da ke wucewa tsakaninka da shafin. Bai ce komai a kan halin mai shafin ba, ɓarawo ma yana sa wa ɗakinsa kwaɗo, yanzu kuma kyauta ake samunsa. Google ya yi bincike ya tarar kashi 11 cikin ɗari kacal na waɗanda aka tambaya suka fahimci ainihin ma'anarsa, don haka a Satumbar 2023 ya cire shi daga Chrome ya sa wata alama. Ashe ba mu kaɗai ba ne. Abin dubawa shi ne ƙarshen sunan shafin, wanda ke daf da 'yar sandar farko mai karkata. Galibin shafukan gwamnatin Najeriya da .gov.ng suke ƙarewa. Na bogi kan saka "gov" da "ng" a farko ko a tsakiya don ido ya kama, ƙarshensa kuwa wani abu ne dabam da ba ka taɓa ji ba. A ƙaramin sikirin, rabin sunan ma a ɓoye yake, in kuma a cikin Facebook ka buɗe, da ƙyar za ka lura da shi.

Mutanen Shagari kan ce su ba a yi musu irin wannan wayon, garin da ya ba Najeriya shugaban ƙasa daga 1979 zuwa 1983. Mutanen Boɗinga su ce a bar zancen, su jikokin malamai ne. Linki dai bai san wannan gardamar ba. Wanda ya yi kalaci Boɗinga, kafin azahar ya sauka Shagari ya wuce Kajiji, ya riga motar haya.

Tunda an taɓo malamai, nan ne abin ke ɗaure mini kai. A Boɗingar nan Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya zauna kafin ya koma Gwandu, lokacin da yayansa Shehu yake Sifawa. Mutum ne da ya zauna ya rubuta littafi guda, Ida'un Nusukh, don ya lissafa malaman da ya ɗauki karatu a wurinsu, a san daga ina iliminsa ya fito. Har gobe in ka kawo magana a zaure ka ce hadisi ne, sai wani ya ɗago kai ya ce wa ya ruwaito, a wane littafi. Yaro ɗan sanawiyya ma ya san akwai ingantacce akwai mai rauni. Amma a linki isnadinmu mutum ɗaya ne. Wa ya turo maka? Kawu. Shi ke nan an gama, Kawu ba ya ƙarya, sahun farko yake salla. Gaskiya ne Kawu ba ya ƙarya, amma shi wa ya turo masa? Wani a guruf ɗin tsofaffin ɗalibai. Shi kuma fa? Nan sarƙar ta ɓace cikin duhu. WhatsApp har alama yake sawa, kibiya biyu, don nuna saƙon ya bi hannaye da yawa, a yi hattara. Wani almajiri mai barkwanci ya duba ya ce ai wannan ya kai mutawatiri, ba a musunsa. Aka yi dariya, aka cika fom.

Turawar ma ba da mugunta muke yi ba, zumunci ne. In ka ji alheri ka ɓoye wa ɗan uwanka, ranar da ya gano ba za ka ji daɗi ba. Gara ka tura ya zama ƙarya da ka ƙi turawa ya zama gaskiya, haka lissafin yake a zukatanmu. Shi ya sa za ka ga an rubuta a sama, "Ban tabbatar ba, amma a gwada." Mai turawa ya wanke hannunsa, mai karɓa kuma bai ga wannan layin ba, sunan mai turawa ya gani.

Kada a ce ba mu taɓa sabunta komai ba. Akwai sabuntawa guda da muke karɓa da gudu. Kana cikin neman sakamakon ƙwallo ko wani fim, sai shafi ya yi tsalle, waya ta hau ɓari a hannunka, ga rubutu yana walƙiya: wayarka ta kamu da cututtuka, batirinka zai lalace, danna nan ka sabunta yanzu, ga daƙiƙoƙi suna ƙirga kansu. Wannan kam ba a ce masa anjima. Ta gaskiyar tana zaune shiru a Play Store, ba ta ihu, ba ta girgiza waya, ba ta ƙirga daƙiƙa. Ta ƙaryar ce ke da ganga, kuma abin da take saukar maka wata manhaja ce da za ta nemi izinin karanta saƙonninka, cikinsu har da lambobin banki. Izinin ma muna bayarwa, tunda mun saba duk abin da waya ta tambaya a ce mata to, ban da abu ɗaya.

In ta faru kuma sai shiru. Mutum ya je wurin mai POS a duba masa, a ce saura naira ɗari da 'yan kai. Ya tsaya, ya ce a sake dubawa. Ya yi salati, ya ja hularsa gaba, ya tafi. Kaɗan ne ke garzayawa banki a rufe asusu tun da sauran abin ceto, kaɗan ne ke kai ƙara, ko da yake dokar laifukan intanet tana nan tun 2015. Kunya ta fi asarar ciwo. A gida a ce ƙaddara ce, a majalisa a ce 'yan yahu ne suka shiga banki, kamar ta rufi suka faɗo. Babu mai komawa guruf ya ce jama'a linkin nan da Kawu ya turo shi ya cinye ni, don faɗin haka kamar zargin Kawu ne, Kawu kuma uba ne. Sai linkin ya ci gaba da zama a wurinsa tsakanin sanarwar suna da ta ta'aziyya, yana jiran wanda bai buɗe data ba tun shekaranjiya.

Su kuma masu damfarar sun san an fara tsorata, sai suka sake salo. Yanzu akwai saƙon da ke yawo da sunan gargaɗi: 'yan damfara sun sace BVN na mutane masu yawa, danna nan ka sa naka ka ga ko yana ciki. A wani guruf da nake, wanda ya turo shi bawan Allah ne da kowa ya san an taɓa kwashe masa kuɗin taki, ko da yake ba a faɗa a gabansa. Har da muryarsa ya haɗa, cikin tausayi:

"'Yan uwa a kula, duniya ta lalace. Wanga kam na tsaro ne, ba na kuɗɗi ba. Kowa shi cika, a tura ma na gida."